Tsermaa Mai Yawon Tambayar Yara

Tun muna makarantar kwana na san Tsermaa ba ta da zama. Gadonmu mai hawa biyu ne, ita a sama ni a ƙasa, kuma ƙarar katakon nata ce ke tashina kullum, tana juyi kamar wadda aka shimfiɗa wa ƙaya. A aji ma haka take, ƙafa na kaɗawa a ƙarƙashin tebur, ido na kan taga. Malamai sun yi faɗa har sun gaji, amma da yake ita ke zuwa ta ɗaya, sai suka ƙyale ta da halinta.

Mahaifinta makiyayi ne a kwarin da ke bayan garinmu, a lardin Arkhangai. 'Ya'yansa biyu ne, Byamba babba, sai ita. Ya yi abin da yawancin iyayenmu suka yi: ya ce namiji duk inda ya faɗa zai ci abinci da ƙarfinsa, mace kuwa sai da takarda. Byamba na gama aji huɗu aka mayar da shi bayan tumaki, Tsermaa ta zarce har jami'a a Ulaanbaatar, babban birnin ƙasarmu. Ba wanda ya ga laifi a ciki. Ni ma haka aka yi wa wana.

Bayan jami'a ta koyar a firamare, ta bari. Ta shiga kantin sayar da wayoyi, ta bari. Ta auri Gombo, wani bakanike mai sanyin hali, wanda in ya shige ƙarƙashin mota sai a manta yana gidan. Suka haifi 'ya ɗaya. Daga baya ta tafi Koriya aikin masana'anta, ta bar masa yarinyar, ta dawo bayan 'yan shekaru da ciwon kafaɗa da sabon salon aski. Gombo bai taɓa cewa kada ta tafi ba, ita kuma wannan shirun nasa ke ba ta haushi.

"Mutumin nan ko cewa na yi zan koma duniyar wata da zama, cewa zai yi in tafi da rigar sanyi," ta ce da ni wata rana.

Tana da shekara arba'in da ɗaya, 'yarta ta shiga jami'a, sai ga kiranta a waya.

"Doljin, me kike yi?"

"Ina zaune."

"To tashi. Na samo mana aiki. Yawo za mu yi."

Wata ƙungiya ce mai bincike kan rayuwar yara. Shugabar aikin, Dakta Ariunaa, 'yar siririyar mace mai magana a hankali, ta zaunar da mu ta yi bayani. Suna son su auna yadda yara 'yan shekara sha ɗaya zuwa sha huɗu ke kallon daidaito tsakanin namiji da mace, musamman idan an fara 'yar soyayya: wa ke yanke shawara, wa ke haƙura, wa ke da ikon cewa a'a.

"Ana auna wannan?" in ji Tsermaa. "Da me, da sikeli?"

Dakta ta yi dariya, ta fito da wani kati mai zanen fuskoki biyar, daga mai washe baki har zuwa mai ɗaure fuska. Za a karanta wa yaro magana, shi kuma ya nuna fuskar da ta dace da ra'ayinsa. Amma kafin a baza tambayoyin ko'ina, sai an gwada su a ga ko yaran na gane su yadda ake nufi. Wannan ne aikinmu. Doka biyu ta kafa mana: ba ma faɗa wa yaro ra'ayinmu, kuma ba ma tambayar ɗan gidanmu.

Da kaka muka fara, daga wannan makaranta zuwa waccan, a wata tsohuwar mota mai tsalle kamar ɗan akuya. Ni ina ɗaukar maza, Tsermaa na ɗaukar mata, wani lokaci mu yi musanya. Aikin ya karɓe ta, don ba ma kwana da yawa a wuri ɗaya. Yaran ma suna son ta, saboda ba ta zama a kujerar malami, zagaya ajin take tana karantawa.

Yara kuwa ba a raba su da abin dariya. Ta karanta wa wasu maza: "Idan saurayi da budurwa za su fita yawo, saurayin ne ya kamata ya zaɓi inda za a je."

Wani mai manyan kunnuwa ya ɗaga hannu. "Malama, ina za a je? Kanti ɗaya ne a garin nan, kuma babarta ce mai kantin."

Ajin ya kwashe da dariya, wanda ke kusa da shi ya ce, "Babar wa? Ka dai tona kanka!"

A wata makarantar ta karanta wa 'yan mata: "A gida, maganar miji ce ta ƙarshe." Wata yarinya ta daɗe tana kai yatsa tana janyewa.

"Me ya hana ki zaɓa?"

"Malama, a gidanmu Inna ce ke yanke komai, sai ta faɗa wa Baba, shi kuma ya faɗa da ƙarfi. To ta wa ce ta ƙarshe?"

Irin waɗannan muke kai wa Dakta, ita kuma ta gyara maganar ko ta jefar da ita. Akwai kuma waɗanda ba na dariya ba. Idan aka zo kan maganar nan ta ko saurayi na da ikon duba wayar budurwarsa, yara da yawa, maza da mata, sukan nuna fuskar murmushi, su ce ai alamar so ce. Tsermaa takan fito daga irin wannan ajin tana cizon leɓe.

"Ki ji fa, wai so! Kuma an ce in yi shiru."

"Doka ce."

"Na sani, Doljin. Ban ce miki ban sani ba."

Wata rana wata 'yar aji bakwai ta tare ta a bakin ƙofa bayan an tashi. "Malama, ke wace fuska za ki nuna? A gidanki wa ke haƙura?" Tsermaa ta ce ba a yarda ta faɗa ba. Yarinyar ta ɗaga kafaɗa ta tafi. A mota ranar nan sai buɗe gilashi take tana rufewa, har direba ya ce ta zaɓi ɗaya, ko sanyi ko zafi.

Hunturun shekarar ya yi tsanani. Dusar ƙanƙara ta daskare a kan ciyawa, dabbobi suka yi ta mutuwa, hanyoyi suka toshe, muka zauna a birni. Ba mu koma yawo ba sai da ƙanƙara ta fara narkewa, lokacin haihuwar tumaki, kuma makarantar da ta faɗo mana ita ce ta garinmu, wadda muka yi.

'Ya'yan Byamba biyu suna makarantar: Jargal, namiji, ɗan shekara sha uku, da ƙanwarsa Maral. Tsermaa ta cika jaka da alewa da safa domin su. Saboda doka ni zan ɗauki azuzuwansu, amma ta biyo ni har ƙofar ajin Jargal tana leƙe. Ba ta gan shi ba. Ajin ma mata sun kusa ninka maza. Sai ga Maral ta fito daga nata ajin da gudu ta rungume ta.

"Gwaggo!"

"Ina wanki?"

"Yana gida. Tun tsakiyar hunturu Baba ya zo ya ɗauke shi. Baba ya faɗi a babur, bayansa ya ƙi."

"Me ya sa ba wanda ya gaya min?"

"Baba ya ce in an gaya miki za ki zo ki yi surutu."

Da ƙyar na riƙe ta muka gama aikin ranar. Washegari Asabar, ta sa direba ya juya kan mota zuwa kwarin, muka tafi da Maral. A hanya muna wuce gawarwakin dabbobi da aka tara gefe, Tsermaa na zaune a bakin kujera, hannu a kan murfin ƙofa kamar za ta dira.

Mun tarar da Byamba kishingiɗe a cikin tanti, an naɗe masa ƙugu da ƙyalle. A gefen murhu an killace jariran tumaki suna ta kuka. Matarsa Tungaa ta zuba mana shayi da madara, ta tura mana farantin busasshen cuku. Tsermaa ta taɓa farantin kamar yadda ake yi, amma ba ta zauna ba.

"Yaya, ina Jargal?"

"Yana inda ya kamata."

"Inda ya kamata aji bakwai ne."

"To fa, Malama ta iso. Tungaa, ba Malama kujera, kada ta yi mana darasi a tsaye."

"Ba wasa na zo ba."

"Ni ma ba wasa nake a kwance ba. Rabin garken ya tafi. Sauran suna haihuwa. Wa zai bi su? Ke?" Ya hango katin fuskokin da ya leƙo daga jakarta. "Wannan ne abin da ake biyan ku ku nuna wa yara? Miƙo. Karanta min ɗaya, ni ma a auna ni."

Na yi mata ido, amma ta riga ta ciro takarda. Ta karanta a fusace: "Idan saurayi da budurwa suka saɓa, budurwar ce ya kamata ta haƙura."

Byamba ya juya katin sama da ƙasa, ya yi wata dariya da ta sa ya dafe baya. "Budurwa ta haƙura! A gidan ubanmu wa ya haƙura? Ni na fi ki lissafi, kin sani. Malamin lissafi har tantinmu ya zo roƙo. Wa ya kawo min fuskoki in zaɓa?"

"Ni wa ya kawo min?" Muryarta ta tashi. "Ina 'yar shekara bakwai aka ajiye ni a ɗakin kwanan makaranta, ina kuka ana min dariya. Kai kana gida kana shan shayin Inna. Ranar da ta rasu kana riƙe da hannunta, ni ina rubuta jarrabawa, sai da aka binne ta aka gaya min. Ka ɗauka daɗi na ji? Har yau ban san inda ne gidana ba."

"Amma kina da takarda."

"Kai kuma kana da ƙasar da ka sani."

Tungaa, wadda tun shigowarmu ba ta tsaya ba, tana ba wani ɗan tunkiya madara a kwalba, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ku ci gaba, ina jin ku. In kun gama rabon wanda ya fi shan wuya, ku tuna akwai wadda ke tatsa tun asuba, ta kwashe kashi, ta dafa, ta bi garke, kuma in an zo ƙirga dabbobi a rubuta sunan wani."

"Ke kuma wa ya sa da ke?" in ji Byamba.

"Ba wanda ya sa da ni. Abin da nake faɗa ke nan."

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe, Jargal ya sunkuyo ya shigo da jakar fata a kafaɗa, kan wani jaririn ɗan tunkiya na leƙowa. Iska ta fasa masa kumatu, ya yi tsawo. Ya gaida mu a kunyace. Tsermaa ta kama kafaɗunsa.

"Gaya min gaskiya, kana son komawa makaranta?"

Ya dubi ubansa, ya dube ta. "Gwaggo, ban sani ba. In ina aji ina tunanin tumaki. In ina nan kuma ina tunanin an wuce ni."

"Ni na sani," in ji Maral daga bayan murhu, ta riga ta tuɓe rigar makaranta ta ɗauki ɗan tunkiya. "Ni a bar ni a nan, shi ya tafi. Na fi shi iya karɓar haihuwa, ku tambayi Inna. Shi jini yake tsoro."

"Ƙarya kike!"

"Bara wa ya yi amai?"

"Ke za ki yi karatu," in ji Byamba. "Ba 'yata da za ta tsufa a bayan tumaki."

"To me ya sa ɗanka zai tsufa a can? A yi karɓa-karɓa mana. Wata ɗaya ni, wata ɗaya shi."

"Sai ku fito jakai biyu maimakon ɗaya," in ji uwarta.

Tsermaa ta fita. Na bi ta na same ta tana zagaya shingen dabbobi, ta kai ƙarshe ta dawo, ta sake kaiwa. Can ta haura tudun da ake samun layin waya, ta kira Dakta Ariunaa. Ina gefe ina ji. Ta ce ba za ta ƙarasa sauran makarantun ba, za ta zauna ta bi garke har a yi hutu, yaron ya koma aji. Ta kuma ce akwai yara irinsa a kowane kwari, kuma tambayoyinmu ba sa isa gare su, tunda a aji kawai muke tambaya.

Dakta ta ce ta san da haka, abin ya daɗe yana damun ta, mota da lokaci ne suka gagara. "Tunda za ki zauna, riƙe katin. Duk yaron da kika samu a tantunan kusa, in iyayensa sun yarda shi ma ya yarda, ki tambaye shi. Ban da 'ya'yan wanki."

Da muka sauko na ce, "Ke? Ki zauna wuri ɗaya har hutu?"

"Ai ba zama ba ne. Tumaki tafiya suke."

Byamba ya ce ba za ta kai mako ba. Da Litinin muka tafi da yaran biyu, muka bar ta tsaye cikin tsohuwar rigar Tungaa da ta yi mata gajarta.

Labarin da ya riƙa iso ni a waya ba na yabo ba ne. Rabonta da kiwo tun tana yarinya. Ba ta iya barin garke ya ci ciyawa a natse, sai ta yi ta kora shi gaba, Byamba na ihu daga bakin tanti wai za ta rame masa dabbobi da yawo. Ta haɗa tumakinsu da na maƙwabci, aka wuni ana rabewa. Ta faɗa rafi da babur. Yatsunta suka tsattsage. Amma tana gama aikin safe sai ta hau babur ɗin ta nufi tantunan da ke nesa da katinta a ƙirji. Ta ce yaran can ba sa dariya kamar na aji, sukan daɗe suna kallon fuskokin. Wani ya tambaye ta ko yarinyar da ta gama makaranta za ta yarda ta kula wanda bai gama ba, ya ce shi wannan yake son a tambayi 'yan matan. Ta aika wa Dakta, aka ƙara ta cikin tambayoyin.

Babur ɗin da ta jefa a rafi ne ya kawo Gombo. Ta kira shi ya gaya mata yadda ake gyarawa, ya yi ta bayani ba ta gane ba, sai ya ce bari ya zo. Ya zo da akwatin kayan aikinsa da niyyar kwana biyu. Ya gyara babur, ya gyara injin wutar rana, maƙwabta suka ji labari suka fara turo nasu. Da yamma yakan bi garken, kuma tumaki suka so shi, don yana iya tsayawa wuri ɗaya har su ƙoshi. Byamba ya ce tunda aka yi auren nan bai san an ba su suruki na gari ba sai yanzu.

A nan ne, in ji Tsermaa, suka yi faɗan da ba su taɓa yi ba. Ta tambaye shi dalilin da bai taɓa hana ta tafiya ba, ko bai damu ba ne. Ya ce ya damu ƙwarai, lokacin Koriya har ya rame, amma ya ga ita ce mai ilimi, shi wane ne da zai ce a'a. Ta ce ashe shekara ashirin yana mata kallon shugabar ofis. Ya ce ita ma ai ba ta taɓa tambayar sa ko yana son zaman birni ba, kuma ba ya so, hayaƙin na sa shi tari. Suka yi ta yi har Tungaa ta leƙo ta ce su rage murya, akuya ta ƙi ba da nono.

Ta kai hutun, da ƙyar. Yaran na dawowa ta haɗa jakarta. Gombo kuwa ya ce shi ya zauna. Ya kafa ƙaramin tanti kusa da na Byamba, yana gyaran babura yana taya kiwo, kuma da haka Jargal ya koma aji da kaka, bai sake fita ba har ya gama aji tara. Daga nan shi da kansa ya zaɓi makarantar koyon aikin dabbobi a garin Tsetserleg, duk da Maral na cewa za a sha kallo ranar da aka ba shi wuƙa. Ita Maral har yanzu tana makaranta tana ƙorafi, kuma duk hutu ita ke karɓe garken.

Binciken ya fito daga baya. An kira taro a birni, Dakta ta nuna zane-zane a bango, ta yi bayanin inda yaran suka yarda da daidaito da inda suka tsaya. Tsermaa ba ta kai ƙarshen taron ba, na same ta a waje tana waya da wata ƙungiyar da ke neman masu zuwa hamadar Gobi.

Bazarar da ta wuce na kai musu ziyara kwarin. Na tarar ta zo hutu wurin mijinta, kuma har ta fara shirin komawa. Gombo na cusa mata busasshen nama a jaka, tana fitarwa tana cewa ya yi nauyi. Byamba, wanda yanzu yake tafiya da sanda, yana zaune a kan buhun gishiri yana kallon su.

"Gombo, ka ce mata ta zauna mana. Kai ne miji."

"Na ce. Ta ce sai ƙarshen wata."

"Wane watan?"

"Yaya, ka kula da tumakinka," in ji Tsermaa. Ta ɗaga jakar ta ji nauyinta, ta harari Gombo, sannan ta mayar da rabin naman ciki. Motar da za ta kai mu gari ta yi ƙaho daga bakin rafi, Gombo ya ɗauki jakar ya yi gaba, mu muka bi shi, tana gaya masa abin da zai ce wa 'yarsu in ta kira.